"Sha": Daga Ruwan Tiga Zuwa Wahala

Makiyayin da ya koro shanu bakin madatsar ruwa ta Tiga zai ce ya kawo su mashaya. Manomin ranin Kadawa, wanda ruwan nan ke isar masa ta magudana tun bayan kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, zai ce alkamarsa ta sha. Da yamma kuma shi da kansa ya sha rana, ya sha wahala. Aikatau ɗaya ne ya ɗauke duk wannan kaya.

Kalmar tsohuwa ce, ba aro ba. Masu nazarin harsunan Cadi, dangin da Hausa ta fito daga cikinsu, sun gano tushenta "sa", kuma haka take a Bolanci da Ngizimanci na jihar Yobe.

Abin burgewa shi ne yadda ta raba gari da "ci". Dankalin Doguwa ci ake yi, amma rake da kankana da mangwaro sha ake yi, ko da haƙori ya yi aiki: abu mai ruwa nata ne. Ana shan fura, ana shan magani ko da ƙwaya ne, ana shan iska, ana shan taba. A nan Bahaushe yana da abokin tafiya, domin a harshen Ailan ma aikatau "ól" yana nufin shan ruwa da shan taba. Idan magana ta koma kan rayuwa kuwa, "ci" ya fi zama na mai rinjaye, "sha" na wanda abin ya faɗa wa: wannan ya ci nasara, wancan ya sha kaye.

A nahawu, masani F. W. Parsons ya kasa aikatan Hausa gida bakwai, wato giredi bakwai, a 1960, amma masu gaɓa ɗaya irin "sha", "ci" da "bi" ba su shiga ba. Wani masanin, Paul Newman, ya kira su giredi sifili. Duk da haka "sha" na haihuwa: ƙasa ta shanye ruwa, uwa ta shayar da jariri, ruwan ya shawu.

Akwai kuma aikin da mai koyo kan daɗe bai gane ba. Direban da ya ce "na sha zuwa Bebeji" bai kurɓi komai ba. Yana nufin ya je sau da yawa.