Zaman Baƙunta A Maraɗi: Yadda Iyalai Daga Ƙaura, Shinkafi Da Zurmi Ke Rayuwa A Ƙetaren Iyaka

Tun kafin Ingilishi da Faransawa su ja layin da ya raba Nijeriya da Nijar a farkon ƙarni na 20, mutanen arewacin Zamfara suna kai da komo tsakaninsu da ƙasar Maraɗi, wani don fatauci, wani don neman karatu, wani kuwa don sa da zumunci. Wannan tsohuwar hanya ba ta mutu ba. Daga Ƙaura Namoda mota takan bi ta Zurmi da Gurbin Ɓore zuwa Jibiya, ta ƙetare a Magama da Ɗan Isa, sa'an nan ta miƙe sai Maraɗi. Mutanen Shinkafi kuwa sun fi sanin hanyar Isa da Sabon Birni wadda ke ɓulla da su yankin Gidan Rumji.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne irin masu bin hanyar. A da magidanci ne kan tafi shi kaɗai, ya ci kasuwa ko ya ci rani, ya komo gida kafin saukar damina. Yanzu kuwa gida ne sukutum ke tashi, da mata da yara da tukwane. Akwai 'yan kasuwar da suka kama haya a cikin birni saboda harkarsu ta fi ƙarfi a can. Akwai kuma manoman da hare-haren 'yan bindiga suka raba da garuruwansu. Cikin watan Satumba na 2019 Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa mutum fiye da 40,000 daga Jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tsallaka zuwa Jihar Maraɗi, daga baya kuma aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da bakin iyaka.

Harshe Ɗaya, Lissafi Dabam

Bazamfaren da ya sauka a Maraɗi ba ya bukatar tafinta. Hausar da ake yi a can ƙanwar tasa ce, ko kuwa a ce yayarta: inda Bakano zai ce fara, su duka biyu hwara suke cewa, yara kuma ɗiya ne a bakin kowannensu. Masallaci iri ɗaya, gaisuwa iri ɗaya, tuwon gero da fura da nono kuma ba su sake ɗanɗano ba.

A kasuwa ne baƙunta ke fara bayyana. Kuɗin Nijar sefa ne, amma 'yan kasuwa ba da sefa suke ƙirga ba, da dala suke yi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Saboda haka in mai tumatir ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi. In ta ce ɗari, sefa 500 ke nan, jikka ɗaya kuma sefa 1,000. Uwargidan da ta saba da naira takan yi makonni tana lissafi biyu a kanta, na farko ta mai da dala sefa, na biyu ta mai da sefa naira don ta san ko an cuce ta. Sau da yawa yaran gida ne ke riga iyayensu ganewa, har ka ga yarinya 'yar shekara goma ta zama mai riƙe wa uwarta jaka ran Litinin da ran Juma'a, watau ranakun da kasuwar birnin ta fi cika.

Bayan kuɗi sai kalmomin da Hausar can ta aro daga Faransanci. Makaranta ita ce lakwal, malamin boko shi ne mushe, ma'aikatan kwastan su ne duwan, sa'an nan ga jandarma a kan hanya. Wanda aka ce ya tafi likita, asibiti aka aike shi. Mai ɗaukar fasinja a babur kuwa ɗan kabu-kabu ne. Ko burodin safe ma ya sha bamban, domin dogo ne mai ɓawo irin na Faransawa, wanda yara kan yi ta tsokana da shi kwanakin farko kafin su saba.

Darajar kuɗi ita ke raba gidajen baƙin gida biyu. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, watau yuro, ba ta hawa da sauka barkatai. Naira kuwa ta sha faɗuwa, musamman daga tsakiyar 2023. Magidancin da ke samun abin sa wa a bakin salati da sefa, ko da dako ne ko ɗinki, in ya aika wa tsofaffinsa a Zurmi, kuɗin kan yi auki. Wanda kuwa ke zaune a Maraɗi yana jiran aike daga ɗan'uwa a Gusau ko Kaduna, kullum abin da ke shigowa hannunsa ƙara ƙanƙancewa yake yi, ga kuɗin haya ba ya jira.

Lakwal Da Makomar Yara

Ba abin da ke hana iyaye barci kamar karatun yara. Makarantar allo ba ta da wuya, domin Warshu da allon da aka baro a Shinkafi su za a tarar a Maraɗi. Boko ne mai gardama. Yaron da ya kai aji huɗu a firamare da Turancin Ingilishi, in aka kai shi lakwal sai ya tarar da Faransanci, ya koma zama tare da ƙannensa. Shekarar karatu ma tana farawa ne a watan Oktoba. In ya jure ya yi nisa, to, ran da iyali suka koma gida sai ya sake tarar da wani bangon, tun da yake jarrabawar Nijeriya da Ingilishi ake yin ta.

Cikin watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka fito da sabuwar dokar ƙasa wadda ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Iyaye baƙi da yawa sun yi murna da jin haka. Amma sauya littattafai da horar da malamai aiki ne na shekaru, yaron da ke aji a yau kuwa ba zai tsaya da girma ya jira ba.

Sai kuma batun takarda. Jaririn da aka haifa a gida, ba a rubuta shi a Nijar ba, ba a kuma rubuta shi a Nijeriya ba, yau ba wanda zai tambaye shi kome. Ran da zai shiga jarrabawa ko ya nemi katin shaida ne za a gane girman sakacin.

Fita Buɗe Ido

Duk da wannan ɗawainiya, iyali ba su rasa ranar shaƙatawa. Wurin da baƙo ke fara kai 'ya'yansa shi ne ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, mai zanen gini iri na Hausa da launuka masu ɗaukar ido. Da yamma filin fada kan cika da masu tsire da kilishi da 'yan tallar aya, wadda ƙasar Maraɗi ta yi suna wajen nomanta. Ran Salla kuwa nan ake hawa, da algaita da kakaki da 'yan lifidi, abin da kan tuna wa mutumin Zurmi fadar garinsu har idonsa ya ciko.

Yaro mai tambaya zai so ya san dalilin da ake ce wa sarkin wannan birni Sarkin Katsina. Amsar tana cikin tarihin jihadi. Sa'ad da jama'ar Shehu Usmanu suka ci Birnin Katsina wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, daga bisani Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi. Daga nan ne magadansa, musamman Ɗan Baskore a tsakiyar ƙarni na 19, suka yi ta kai yaƙi cikin daular Sakkwato. Shi kansa birnin da ake gani a yau ba a mazauninsa na fari yake ba. A cikin kwarin gulbi yake, sai da ambaliyar 1945 ta cinye shi aka hau da shi kan tudu, abin da ya sa titunansa suka miƙe sambal suna gicciye juna. An ƙara yi masa kwalliya a 2015, lokacin da ya karɓi bikin ranar Jumhuriya ta 18 ga Disamba.

Tafiyar 'yan mintoci a mota daga birni sai ga Tsibiri, mazaunin Sarkin Gobir da Innar Gobir. A nan ne tarihi ya fi kusantar baƙon Zamfara. Gobirawa ne a zamanin Babari suka ci Birnin Zamfara cikin ƙarni na 18, suka gina Alƙalawa. A 1808 Alƙalawa ta faɗi a hannun mayaƙan jihadi, cikin jagororinsu kuwa har da Muhammadu Namoda na Alibawan Zurmi, wanda garin Ƙaura ke amsa sunansa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi galaba a kan Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda, sai Gobirawa suka kafa Tsibiri. Ga shi yau jikokin waɗanda suka yi wancan yaƙi suna zaune a inuwar jikokin abokan gabarsu, ana ba su ruwa da masauki. Duniya juyi-juyi ce, in ji masu iya magana.

Masu son iskar ruwa kuwa Madarunfa suke nufa, kudu da birni. Akwai tafki babba da masunta da kwale-kwale, tsuntsaye kuma kan yi dafifi a kansa da sanyi. A kewayensa ne mutanen wurin ke nuna kaburburan da suke kira na waliyyai 99, waɗanda tare da tafkin da dajin da ke kusa Nijar ta sa cikin jerin wuraren tarihin da ta miƙa wa hukumar UNESCO a 2006. Malamin makaranta da ya raka yara zai iya nuna musu wani abin lura: Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa ta Jibiya ya shiga Nijar, sa'an nan ya karkata ya komo Nijeriya ya haɗu da Rima. Ruwan ma ci-rani yake zuwa ya koma gida. Sai dai yankin Madarunfa da na Gidan Rumji su ma sun ɗanɗana satar shanu da ta mutane, saboda haka mai hankali da hantsi yake fita, ya komo kafin la'asar sakaliya.

Samari kuma filin kokawa ne nasu, wanda aka raɗa wa sunan Kantu, ɗan Maraɗin da ya fara ɗaukar takobin gasar ƙasa a 1975. Gasar tana zagaya jihohin Nijar ne bi da bi, in ta zo kuwa gari kan tsaya cik, wanda bai sami shiga ba yana manne da rediyo.

Iyaka Mai Buɗewa Da Rufewa

Zaman lafiyar waɗannan gidaje a rataye yake da shawarar da ake yankewa a Abuja da Yamai. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disamban 2020. A 2021 aka dakatar da kasuwannin mako a Zamfara, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci, har ya zama mai gida a Maraɗi ba ya jin ɗuriyar mahaifiyarsa a Shinkafi sai ta bakin direba. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, Ƙungiyar Ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa takunkumi, aka sake rufe iyaka, Nijeriya ta yanke lantarkin da take bai wa maƙwabciyarta, ba a warware ba sai cikin Maris na 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ce ta bai wa talaka ikon ƙetarawa ba tare da biza ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai, a gidan baƙo yana nufin jana'izar da ba a samu halarta ba, ko bikin da aka ɗaga, ko buhun geron da ya maƙale a hanya.

Akwai abin sa rai. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Mutumin Ƙaura ya fi kowa sanin abin da dogo ke yi wa gari, domin isowar jirgi a 1929 ita ta mai da garinsu matattarar gyaɗa da auduga, kamar yadda gyaɗar ce ta fara gina arzikin alhazan Maraɗi.

Amma dattawan da ke zaune a bakin masallatan unguwa ba jirgi suke jira ba. Labarin gona suke tambaya daga duk wanda ya sauko daga mota, ko an yi shuka bana, ko hanyar Gurbin Ɓore ta biyu. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, yaran da aka zo da su a goye kuwa ga su nan sun fara ƙirga da dala. Ya kamata hukumomin ilmi na Zamfara da na Maraɗi su zauna su daidaita yadda yaro zai koma aji ba tare da asarar shekarunsa ba, a kuma sauƙaƙa rajistar haihuwa ga 'ya'yan baƙi. Babban aikin dai shi ne maido da tsaro a ƙasar Zurmi da Shinkafi da Ƙaura, yadda mai son zama a Maraɗi zai zauna don ra'ayinsa, mai son komawa kuma ya tarar da gonarsa. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.