Ƙwaƙwalwar Mota da Shafen da Ke Kare Ta

Shekaru aru-aru na tarihin ƙere-ƙere ba su kawo wa injin mota canjin da ya kai na shigowar lantarki ba. A da, kafireta ce ke gauraya fetur da iska. A shekarar 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin D-Jetronic a cikin motar Volkswagen 1600, inda na'urar lantarki ta karɓi aikin auna mai. A 1979 kuma aka sa tsarin Motronic a motar BMW, wanda ya haɗa aunin mai da lokacin ba da wuta a ƙarƙashin kwamfuta guda. Wannan akwati shi ne makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota.

Aikinta shi ne karɓar labari daga na'urorin da ke auna zafin inji, da gudunsa, da yawan iskar da yake shaƙa, sa'an nan ta yanke yawan man da za a fesa. Gwargwadon da ake nema shi ne nauyin iska 14.7 ga nauyin fetur ɗaya. In lissafin ya kauce, sai mota ta riƙa shan mai, ko hayaƙi, ko ta ƙi tashi.

A cikin akwatin akwai allo mai ɗauke da siraran hanyoyi na jan ƙarfe, da ƙananan kayan lantarki waɗanda aka liƙa da dalma. An lulluɓe allon da wani shafe mai kama da man goge katako, wanda kaurinsa sau da yawa bai kai rubu'in milimita ba. Amfaninsa ya fi kaurinsa nesa. Idan raɓa ta haɗu da ƙura a tsakanin hanyoyi biyu masu ɗauke da wuta, ƙarfen yakan fara narkewa yana tsiro kamar jijiya, har ya haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. Shafen ne ke hana wannan. A ƙasar da ƙurar hunturu ke biye da laimar damina, bukatarsa a fili take.

Shafen iri-iri ne, kuma wajibi ne mai gyara ya san wanda ke gabansa. Na akirilik shi ya fi sauƙin cirewa, domin yana narkewa da sinadari. Na silikon yana jure zafi ƙwarai, amma sai an kankare shi a hankali. Na ifoksi kuwa yana daskarewa kamar dutse, cire shi kan yi wa allon lahani.

Abubuwan da suka fi lalata ƙwaƙwalwa sanannu ne: shigar ruwa wajen wankin inji, juya kan batir, da yin walda a jikin mota ba tare da an cire batir ba. Akwai kuma tsufa. Kwandensocin motocin farkon shekarun 1990, irin su Lexus LS400, sukan zubar da ruwan da ke cikinsu, ya cinye hanyoyin jan ƙarfen. Haka nan zafi da sanyi da jijjiga sukan tsaga liƙin dalma.

Gyara na gari yana da tsari. Da fari a tabbatar laifin na ƙwaƙwalwar ne, domin sau da dama yakan zama na waya ne, ko fis, ko wata na'urar awo. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wata kafa da ake jona na'urar bincike, kuma yawancin motoci suna da ita. Bayan haka a cire shafen a daidai wurin da ya lalace kaɗai, a canja abin da ya mutu, a wanke dattin liƙi, a bar allon ya bushe sarai. Wanda ya shafe allo da danshi a jikinsa, ya kulle ɓarawo ne a cikin ɗaki. Daga nan sai a mayar da shafe irin na farko, ban da bakin da wayoyi ke shiga. Da yake masana'antu kan sa masa sinadarin da ke ƙyalli a ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske ta musamman, ana iya ganin inda aka tsallake.

Wannan mataki na ƙarshe shi aka fi sakaci da shi, domin mota takan tashi ko ba a yi shi ba. Sai damina ta kankama aibin ya bayyana. Saboda haka jami'in da ke kula da motocin ma'aikata, kafin ya sa hannu a takardar biya, ya kamata ya tambayi abu biyu: me ya kashe ƙwaƙwalwar tun farko, kuma an mayar mata da shafenta?