Kunnen Bahaushe Jari Ne Wajen Koyon Japananci Ta Waya

Lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, babu wanda ya zaci wata rana za ta zama allon karatu. Kwanan baya wani ɗalibina, mutumin Kusada, ya same ni da wayarsa yana haddar haruffan Japananci, domin yana neman tallafin karatun da gwamnatin Japan kan bayar ta ofishin jakadancinta da ke Abuja. A sashenmu ba mu da malamin wannan harshe, don haka wayar nan ita ce malaminsa, ita ce kuma ɗakin karatunsa.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ɗan Kankiya da Japananci? Amsar tana kan titunanmu, inda Toyota da Honda da Yamaha suka daɗe suna jigilarmu. Mun san kayan mutanen, amma harshen da ke buɗe ƙofar iliminsu ya yi mana nisa.

Babbar wahalar harshen tana cikin rubutunsa. Akwai hiragana mai haruffa 46, da katakana mai 46, sannan ga kanji, waɗanda hukuma ta tsayar da 2,136 a shekarar 2010 a matsayin na amfanin yau da kullum. A nan waya take da rana. Manhajar Anki takan dawo wa ɗalibi da harafi daidai lokacin da ya kusa mantawa da shi, tamkar tilawar almajiri. Duolingo ma ta ƙara darasin Japananci a 2017.

Ta fuskar furuci kuwa, Bahaushe yana da jarin da bai san yana da shi ba. Wasulan Japananci biyar ne kamar namu, kuma tsawon wasali kan sauya ma'ana: obasan gwaggo ce, obaasan kuwa kaka, kamar yadda muke bambanta garin da ake zama da garin tuwo. Suna da shadda, domin kite na nufin zo, kitte kuwa kan sarki, kamar daba da dabba. Suna kuma da karin sauti, ta yadda ame kan zama ruwan sama ko alewa, kamar kukan yaro da kukar miya. Takarda ba ta iya jiyar da ɗalibi waɗannan, amma waya tana iyawa, har ya naɗi muryarsa ya gwada ta da ta ɗan asalin harshen.

Sai dai akwai matsaloli. Yawancin darussan da Ingilishi aka tsara su, harshen da ba ya bambanta kalmomi da karin sauti irin namu, saboda haka ɗalibinmu yakan bi doguwar hanya zuwa abin da ke bakin ƙofarsa. Ga tsadar data da rashin wuta. Kada kuma mu manta, a 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Dutsin-Ma mai jami'ar tarayya. Duk karatun da ya dogara kacokan da intanet, ranar ya tsaya.

Shawarata ga sassan nazarin harsuna na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-Ma ita ce, su haɗa kai su shirya darussan farko da bayanin Hausa da murya, waɗanda za a sauke sau ɗaya a riƙa amfani da su ko babu intanet. A kuma ɗora su a kan mizanin jarrabawar ƙwarewa a Japananci da aka fara a 1984, mai matakai biyar a yanzu, domin wahalar ɗalibi ta ƙare da takardar shaida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗalibin nan na Kusada ya ɗauki nasa gefen, saura namu. Allah Ya sa mu dace.