Wace Hanya Ce Ta Fi Arha Daga Gona Zuwa Dawanau?

Da kaka ta yi a ƙasar Gumel, an kaɗe riɗi, an ɓare zoɓo, sai maganar kai kaya kasuwa ta taso. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota yana cin rabo mai tsoka a cikin ribar manomi. Galibinmu kuwa hanyar da muka saba muke bi, ko wadda ta fi kusa. Amma kusa daban, arha daban.

Iyayenmu sun san wannan. Bayan hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru ta buɗe a 1930, gyaɗar ƙasar nan tashar Gagarawa ake kai ta a kan jakai da raƙuma, domin dakon jirgi ya fi sauƙi.

Akwai wata dabarar lissafi ta gane hanya mafi arha. Wani masani mutumin Holan, Edsger Dijkstra, ya ƙago ta a 1956, aka buga ta a 1959. Ya fara gwada ta a kan taswira mai garuruwa 64 na ƙasarsu. Irin wannan lissafi ne taswirar wayar hannu take yi idan tana nuna wa direba hanya. Amma da fensir da takarda ma an yi shi.

Da farko rubuta garuruwan da kaya za su iya bi. Tsakanin kowane gari biyu rubuta abin da buhu ɗaya zai ci, watau kuɗin mota da na 'yan dako da la'adar ɗan kamasho. Ga misali, amma kuɗin na ƙaddarawa ne, kowa ya tambayi na yau a tasha.

A ce ƙauyenka yana tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari. Daga ƙauye zuwa Maigatari naira 600, zuwa Gumel 900. Maigatari zuwa Gumel 500. Gumel zuwa Gujungu 700, Gujungu zuwa Kano 1,500. Gumel zuwa Kano kai tsaye 2,000. Ran Alhamis kuma, ranar kasuwar Maigatari, a ce motar da ta sauke kaya za ta koma Kano ta yarda da 2,100.

To, ga ƙa'idar. Kullum ka dubi garin da kuɗin isa gare shi ya fi ƙanƙanta cikin waɗanda ba ka gama da su ba, ka yi masa alama, sa'an nan ka lissafa garuruwan da ake zuwa daga gare shi. In sabon kuɗi ya fi na da sauƙi, ka soke na da. In bai fi ba, ka bar shi.

Maigatari ce ta fari, 600. Daga nan Gumel ta kama 1,100, ai 900 ta fi sauƙi, sai a bar ta yadda take. Kano kuwa ta kama 2,700, a rubuta. Sai Gumel, 900. Daga nan Gujungu 1,600, Kano 2,900, wadda ba ta kai 2,700 sauƙi ba. Sai Gujungu, 1,600. Daga nan Kano 3,100. Shi ke nan, 2,700 ta tsaya.

Kun ga hanyar da ta fara nufar arewa, wajen iyakar Nijar, ita ce ta fi tsawo, ita ce kuma ta fi arha. Naira 200 a buhu ba ta da yawa a ido, amma mai buhu 50 ya tsira da 10,000.

Dalilin da ya sa dabarar ba ta kuskure shi ne, babu zangon da ake ɗaukar kaya a ƙara maka kuɗi. Saboda haka garin da ya fi kowane ƙaramin kuɗi, ba wani zagaye da zai kai ka can da abin da ya gaza haka.

Sai dai lissafi ba ya fin abin da aka zuba masa. Kowane sauke da lodi yana iya fasa buhu, riɗi kuwa in ya zube a rairayi ba ya kwasuwa, don haka a sa wannan hasara cikin kuɗin zangon. Mai jiran Alhamis ya sa kuɗin ajiya da na gadi. Da damina hanyar burji da ruwa ya yanke a soke ta daga takarda, gama hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Akawun ƙungiyar gama kai shi ya fi dacewa da wannan aiki. Ya riƙa tambayar kuɗin kowane zango mako mako, ya sake lissafin, ya karanta wa manoma kafin su ɗinke buhunansu.