Sana'ar Hoton Ado a Yola da Jimeta: Jarinta, Kasuwarta da Amanarta

Shekaru da dama mai hoto yana cikin masu sana'ar da ba a rasa su a kowane babban gari na ƙasar nan. A Jimeta, wadda ita ce cibiyar ciniki da ofisoshin gwamnati, sana'ar ta bunƙasa tun daga 1976 da aka ƙirƙiro Jihar Gongola aka mai da Yola hedkwatarta, domin ma'aikata da 'yan makaranta da masu neman aiki duk sai da hoton fasfo. Ga kuma bukukuwan aure da suna da na salla. Amma tun da wayar hannu mai kyamara ta shiga aljihun kowa, wannan ciniki ya ja baya ƙwarai. Ko kamfanin Kodak na Amurka, wanda fim ɗinsa ya game duniya, sai da ya bayyana karyewar jarinsa a 2012.

To, da wannan ƙofa ta tsuke, sai hankali ya koma kan wata, watau sayar da hoton ado. Bambancinsa da hoton biki shi ne, hoton biki mai shi ne ke ciki, shi ya sa ya biya. Hoton ado kuwa mutum yakan saye shi alhali babu shi a ciki, babu ɗan'uwansa, don kawai ya burge shi ko ya tuna masa da gida, ya rataya a falo ko ofis.

ABIN ƊAUKA BA YA ƘAREWA

Ta fuskar abin da za a ɗauka, Allah Ya wadata Adamawa. Ga tsohon garin Yola da Modibbo Adama ya kafa a 1841, da fadar Lamiɗo inda ake hawan salla. Ga kogin Binuwai da masuntansa da gadar Jimeta, ga tafkin Geriyo da masu noman rani, ga mahaɗar Gongola da Binuwai a Numan. A ƙasar Song akwai duwatsun nan uku da ake wa laƙabi da 'yan'uwa mata, a Shelleng akwai madatsar ruwa ta Kiri. Can kuma a Madagali, bisa duwatsun Mandara, ga Sukur, wurin da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a 1999, wanda shi ne na farko da ya sami wannan matsayi a Nijeriya.

Sai dai waɗannan abubuwa ba su da tabbas. A 2014 mayaƙan Boko Haram sun kama Mubi, sun kuma kai wa Sukur hari suka yi ƙone-ƙone. Ambaliyar 2012 da ta 2022 ta cinye gidaje da gonaki a gaɓar Binuwai. Tafkin Njuwa, inda aka san Yola da bikin kamun kifi, ya yi ta cikewa da yashi. Saboda haka hoton da aka ɗauka yau da kyau, aka adana, wata rana shi ne shaidar da za ta rage, kuma a nan darajarsa take.

DARASI DAGA BAMAKO DA IKKO

Wanda ke shakkar haka ya dubi labarin Seydou Keïta na Bamako, ƙasar Mali. Ya buɗe ɗakin hotonsa a 1948, yana ɗaukar mutanen gari cikin kwalliyarsu kamar kowane mai hoton unguwa. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne bai zubar da fina-finan da ya wanke ba, ya tara su dubbai. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a birnin Nuyok ba tare da sunansa ba, aka rubuta cewa ba a san mai su ba. Daga baya aka bi sawu har Bamako aka same shi, kuma a 1994 aka baje kolin aikinsa a Faris da sunansa. Ya rasu a 2001, hotunansa na cikin manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé kuwa ya karɓi lambar Zakin Zinariya a bikin fasaha na Benis, ƙasar Italiya, a 2007.

A nan gida akwai J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya zauna a Ikko ya rasu a 2014. Tun daga 1968 ya duƙufa kan abu guda, watau kitson matan Nijeriya, har ya tara hotuna wajen 1,000. A Arewa ma Fati Abubakar ta Maiduguri ta soma nuna rayuwar Barno ta yau da kullum a dandalin Instagram a 2015, lokacin da duniya ba ta jin kome daga can sai labarin bam, kuma da wannan aiki sunanta ya kai ƙasashen waje.

Darasi biyu ke nan. Na farko, mutum ya zaɓi fanni ɗaya ya daɗe a kansa, ko masunta ne, ko makiyaya, ko tsofaffin zaurukan Yola, domin taura biyu ba ta taunuwa. Na biyu, asalin hoton shi ne jari, takardar da aka buga riba ce kawai. A yau asalin yana cikin kwamfuta ne, to wajibi ne a ajiye shi a wuri biyu ko uku dabam dabam, tare da rana da sunan wurin da aka ɗauka.

JARI DA LISSAFI

Masu farawa sukan zuba duk kuɗinsu a kan kyamara, alhali kuwa mai saye takarda da firam yake gani. Takarda mai kyau da tawadar da ba ta koɗewa daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki darajar Naira a watan Yuni na shekarar, tsadarsu da kuɗin sufuri sun hau. Don haka ya fi sauƙi mai farawa ya aika a buga masa a Abuja ko Ikko, sa'an nan ya haɗa kai da kafinta a Jimeta wajen firam, maimakon ya ci bashi ya sayi injin da zai zauna babu aiki in an ɗauke wuta.

Yanayin garin ma abin lura ne. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola yakan haura digiri 40, da hunturu ga ƙura, da damina ga laima. Hoton da ba a rufe da gilashi ba, ko aka rataye inda rana ke dukansa, ba ya jimawa yake dishewa, kuma sunan mai hoton ne ke ɓaci.

Al'adar wannan kasuwa a duniya ita ce a ƙayyade yawan kwafi. In mai hoto ya ce 20 zai buga, sai ya sa hannu da lamba a kan kowanne, in sun ƙare kuwa shi ke nan. Ranar da ya buga na 21 a ɓoye, ya ci amanar mutum 20. Wajen yanke farashi kuma sai ya haɗa kuɗin bugu da firam da mota da kwanakin da ya yi a daji, kada ya lissafa takarda kaɗai.

SU WA ZA SU SAYA?

Gaskiya ita ce masu saye a gida ba su da yawa tukuna. Akwai otal-otal da bankuna da ofisoshi, akwai malamai da baƙin Jami'ar Amurka ta Nijeriya da na Jami'ar Modibbo Adama, ga ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, ga kuma 'yan Adamawa mazauna Abuja da ƙasashen waje masu begen gida. Ƙananan katuna da kalanda su ne na mai ƙaramin ƙarfi. Tilas kuma a san cewa gidaje da yawa na Musulmi ba sa rataya surar abu mai rai, saboda haka hoton dutse da kogi da gini ya fi saurin shiga. Mai hankali ba ya sakin aikin biki da ke ciyar da shi kafin sabon cinikin ya tsaya da ƙafarsa.

DOKA DA MUTUNCI

Ya kamata a yi wa sunan sana'a rajista a hukumar CAC, domin kamfanoni sun fi son biya ta asusun banki mai sunan sana'a. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris 2023, ta kare hoto na tsawon shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a. Wanda ya sayi kwafi, kwafin ya saya, ba ikon sake bugawa ba, kuma ya kyautu a rubuta haka a rasit.

Akwai kuma haƙƙin da ya wuce na doka. A shekarun 1980 jaridu sun yi ta yayata hotunan mutanen duwatsun Koma kamar wasu abin kallo. Bafulatana mai tallar nono ko masunci a bakin Binuwai ba kayan ado ba ne, sai an nemi yardarsu, an gaya musu cewa sayarwa za a yi, an kuma ba su nasu kwafin ko wani ihisani. A fada ma sai da izini.

Daga ƙarshe, akwai aikin da ke jiran matasa masu wannan sha'awa da hukumomin al'adu na jihar. Duk fim ɗin da ya saura a akwatunan tsofaffin masu hoto na Jimeta da Numan da Mubi, tarihin zamanin Gongola ne, kuma gara da zafi ba sa jira. A neme su, a kwafe su cikin kwamfuta da yardar iyalan masu su, a rubuta sunan kowane mai hoto a jikin aikinsa, kada a maimaita abin da aka yi wa Seydou Keïta a 1991.