Unguwar Hammarby a Stockholm: Yadda Aka Nemi Rage Ɓarnar da Manyan Gine-gine Ke Yi wa Muhalli

Duk inda aka ce za a kafa sabuwar unguwa mai ɗaukar dubban mutane a cikin birni, muhalli yakan ji jiki sau biyu. Na farko lokacin aikin ne: a tone ƙasa, a sare itatuwa, manyan motoci su yi ta kaiwa da komowa da siminti da rodi da yashi, ƙura da hayaƙi su turnuƙe wuri. Na biyu kuwa bayan mutane sun tare ne, domin kullum sai sun yi amfani da ruwa da wuta, sun zubar da shara, sun hau mota. Aikin gini yakan ƙare cikin ƴan shekaru, amma ginin kansa yana iya kai shekara ɗari ana zaune a cikinsa. Kalmar muhalli a nan ba gida kaɗai take nufi ba, kamar yadda akan ce wane ya samu muhalli. Ana nufin ƙasa da ruwa da iska da tsirrai da dabbobin da ke kewaye da ɗan Adam.

Ɗaya daga cikin wuraren da aka gwada rage wannan ɓarna da gaske shi ne unguwar Hammarby Sjöstad da ke Stockholm, babban birnin ƙasar Suwidin a arewacin Turai. Ma'anar sunan a harshensu ita ce garin bakin tafkin Hammarby. Stockholm birni ne da ke zaune a kan tsibirai 14, tafkin kuwa yana kudu da tsibirin Södermalm, dab da tsakiyar gari. A cikin ƙarni na 20 gefen tafkin ya zama matsayar jiragen ruwa da mazaunin masana'antu. Wani sashe nasa da ake kira Lugnet ya cika da rumfunan kwano na makanikai da masu sayar da tsofaffin ƙarafa, ƙasar wurin kuma ta sha baƙin mai da guba har ta ƙoshi.

A farkon shekarun 1990 hukumar birni ta fara tsara yadda za a mai da wurin unguwar zama. Sai kuma Stockholm ta shiga takarar karɓar baƙuncin wasannin Olamfik na 2004, aka yanke shawarar cewa a nan za a sauki ƴan wasa. Don a burge masu zaɓe, a 1996 aka rubuta wa unguwar tsarin kare muhalli mai babban buri: ɓarnar da za ta yi kada ta wuce rabin wadda unguwannin da aka gina a farkon shekarun 1990 suke yi. A 1997 aka ba birnin Atina na ƙasar Girka wasannin. Stockholm ta rasa Olamfik, amma ba ta fasa ginin ba. An tsara gidaje kimanin 11,000 domin mutane wajen 25,000.

Zaɓen wurin shi kansa mataki ne na rage ɓarna. Birnin da ya sake gini a kan ƙasar da masana'antu suka riga suka lalata ya bar daji da gonakin bayan gari ke nan, ya kuma rage wa mutane nisan zuwa wurin aiki. Sai dai irin wannan ƙasa ba a ɗora mata gida sai an wanke ta. A sashen Sickla Udde kaɗai, an fitar da tan 130 na mai da maiƙo da tan 180 na ƙarafa masu guba kafin a aza harsashi. Da aka fara gini kuma, sai aka buɗe ma'aji guda a bakin unguwar inda masu kawo kaya ke saukewa, daga nan a haɗa kayan magina da yawa a mota ɗaya a shigar, maimakon kowane ɗan kwangila ya shigo da tasa motar rabinta fanko. An kuma umarci magina su guji tagulla da tutiya a rufi da jikin bango, saboda ruwan sama yakan wanke su kaɗan-kaɗan ya kai tafki.

Abin da ya fi fito da sunan unguwar, har baƙi suka riƙa zuwa daga ƙasashe da dama don su gani, shi ne yadda aka haɗa shara da ruwa da wuta suka zama tsari ɗaya. A mafi yawan birane kowanne da hukumarsa, kuma babu mai tambayar ɗan'uwansa. A nan sai aka zaunar da kamfanin ruwa da na makamashi da hukumar shara wuri guda tun ana zane, aka ce abin da wannan ya zubar ya zama abin aikin wancan.

A ɗauki shara. A farfajiyar gidaje akwai bakunan zuba shara a jere, kowanne da irin abin da yake karɓa: wannan na abin da za a ƙona, wannan na ragowar abinci, wancan na jaridu. Ƙarƙashinsu akwai bututu a binne. Idan lokaci ya yi sai manyan fankoki su zuƙe sharar, ta bi bututun da gudun kimanin kilomita 70 a awa har zuwa tasha a gefen unguwa, inda take faɗawa cikin manyan akwatunan ƙarfe. Motar shara ba ta bukatar bin gida-gida ke nan. Dabarar ba sabuwa ba ce, don tun 1961 aka fara amfani da ita a asibitin garin Sollefteå na Suwidin, kamfanin Envac ne kuma ya sa ta a Hammarby. Kwalabe da gwangwanaye da manyan tarkace ba sa shiga bututu, suna da ɗakunansu dabam. Sharar ƙonawa akan kai ta tashar Högdalen, a ƙona ta a samu wutar lantarki da ruwan zafi.

Mai karatun da ya saba da ƙasar zafi yana iya tambaya, me za a yi da ruwan zafi mai yawa haka? A Suwidin hunturu yakan yi watanni ruwa na daskarewa, don haka babban abin da gida ke cin makamashi a kansa shi ne ɗumama ɗaki. A Stockholm akasarin manyan gidaje ba su da murhun ɗumama na kansu. Daga tasha ake turo ruwan zafi ta bututu, ya zaga gidaje ya saki zafinsa, ya koma a sake dafa shi.

Ruwan bahaya da na wanka da wanke-wanke kuwa yana gangarawa zuwa matatar Henriksdal, wadda aka fafe a cikin dutse kusa da unguwar, tana aiki tun 1941. A can ake raba ruwa da dagwalo. Dagwalon akan rufe shi a manyan tankuna inda iska ba ta shiga, ya ruɓe ya fitar da iskar gas. Da wannan gas wasu motocin safa na birnin suke tafiya, an kuma ja shi zuwa murhun girki na gidaje kimanin dubu a unguwar. Ruwan da aka tace ma ba a sake shi haka nan ba. Ruwan da ya fito daga gidaje yana da sauran ɗumi ko da hunturu ne, sai a bi da shi ta tashar Hammarby, inda wasu injuna ke zuƙe ɗumin su zuba shi cikin bututun ɗumama gidaje. Aikinsu irin na firji ne, wanda ke kwashe zafi daga ciki ya fitar ta bayansa. Ruwan da aka kwashe wa zafi ya yi sanyi ke nan, sai a yi amfani da sanyin wajen sanyaya ofisoshi da kantuna.

Akwai abin da masu yabon unguwar sukan manta. Högdalen da Henriksdal da tashar Hammarby duk sun girmi unguwar, kuma babban sashe na birnin suke yi wa aiki. Abin da masu tsarin suka yi shi ne jona sabbin gidaje da kayan aikin da birni ya daɗe yana tarawa. Garin da ba shi da irin waɗannan tashoshi, ko ya kwafi zanen Hammarby layi-layi, ba zai samu abin da Stockholm ta samu ba. Ƙona shara ma ba ya rasa aibi, tun da robar da ke ciki daga man fetur aka yi ta, hayaƙinta kuma yana ƙara ɗumamar duniya.

Ruwan sama ba a barin sa ya shiga bututun bahaya ya cika matata. Na kan rufi da farfajiya yakan bi buɗaɗɗun magudanai zuwa tafki, na kan titi kuma sai an tsayar da shi dattin ya kwanta tukuna. Wasu rufuna an shimfiɗa musu ƴan tsirrai masu kaurin ganye da ke riƙe ruwa. Wajen sufuri, burin shi ne kashi 80 cikin 100 na tafiye-tafiyen mazauna su kasance a ƙafa ko a keke ko a abin hawa na jama'a. A 2002 jirgin ƙasa na lantarki mai suna Tvärbanan ya iso tsakiyar unguwar, birni kuma ya sa jirgin fito a kan tafki wanda aka riƙa shiga kyauta.

To, an kai ga rabin da aka yi alkawari? Ba a kai ba. Wani bincike da aka yi wa birnin a 2008 ya nuna cewa sassan farko na unguwar sun rage ɓarna da kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin 100, kuma kaso mai tsoka na wannan ragi ya fito ne daga ƙarancin hawa mota. An so kowane mutum ya tsaya a lita 100 ta ruwa a rana, alhali mutumin Stockholm yana amfani da wajen lita 200 a lokacin, sai aka tsaya a kusan 150.

Inda aka fi faɗuwa shi ne makamashin cikin gidaje. Buri na farko shi ne kilowat-awa 60 a kan kowane murabba'in mita a shekara. A 2005 aka sassauta shi zuwa 100, amma ko wannan gidaje da yawa sun zarce shi. Dalili ɗaya a fili yake ga duk wanda ya kalli ginin: an yi manyan tagogin gilashi masu fuskantar tafki, don su ne ke sa gida tsada a kasuwa. Gilashi kuwa yakan saki ɗumi da hunturu, ya tara zafi da bazara. Masu bincike na jami'ar fasaha ta KTH da ke Stockholm sun gano abin da ya fi wannan zurfi. Tsarin muhallin ya zo a makare, bayan an riga an yi nisa da zane. Ba a kuma ɗaure magina da shi yadda ya kamata ba, babu wani hukunci ga wanda ya gaza, babu kuma ingantacciyar hanyar aunawa bayan mutane sun tare. Siyasa ma ta taka rawa, domin bayan zaɓen 1998 sababbin masu rinjaye a majalisar birni sun ƙara yawan wuraren ajiye motoci fiye da yadda aka tsara da farko. Idan aka duba da kyau, abin da birni ya riƙe a hannunsa, wato bututu da tashoshi da layin dogo, shi ne ya yi aiki. Abin da aka bar wa kowane magini ya yi bisa ganin damarsa shi ne ya yi rauni.

Birnin bai ɓoye wannan ba. Da ya zo gina wata babbar unguwa a tsohuwar matsayar jiragen ruwa ta arewa maso gabas, Norra Djurgårdsstaden, wadda aka fara a 2011 da shirin gidaje 12,000, sai ya canza salo. Da yake ƙasar ta birni ce, an sa sharuɗɗan makamashi da kayan gini a cikin yarjejeniyar ba da fili, a riƙa aunawa tun daga zane har bayan tarewa, a kuma buga sakamakon kowane kamfani da sunansa.

Akwai kuma wata ɓarnar da ba a ba ta muhimmanci sosai ba a 1996, wato hayaƙin da ake fitarwa wajen yin kayan ginin kansu. Hammarby unguwa ce ta kankare da ƙarfe da gilashi, siminti kaɗai kuwa yana da alhakin kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa a duniya. Wannan hayaƙi ya riga ya tashi sama tun kafin mai gida ya karɓi makulli. Daga ranar 1 ga Janairu 2022, dokar Suwidin ta wajabta wa masu gina yawancin sababbin gine-gine su lissafa hayaƙin da kayan gini da jigilarsu da aikin ginin suka jawo, su miƙa wa hukuma kafin a ba su izinin ƙarshe na shiga ginin.