Hura da Nono a Ƙasar Ƙaura, Shinkafi da Zurmi

Idan ka sauka gidan mutum a Ƙauran Namoda da rana tsaka, kafin a gama "ina gajiya" an miƙo maka ruwa a moɗa, kafin ka ajiye moɗar kuma an turo ƙwarya rufe da faifai, ludayi a kai. Ba a tambayarka ko kana jin yunwa, tambayar ma abin kunya ce ga mai gida. Abin da ke cikin ƙwaryar fura ce, ko hura kamar yadda bakin mutanen nan yake faɗa. Daga Ƙaura har Shinkafi da Zurmi ita ce abincin rana, ita ce abin sha, da ita kuma ake tarbar baƙo. Tuwo na dare ne. Da rana, manomi da ɗan kasuwa da malamin zaure duk a bakin ƙwarya suke haɗuwa.

Mutanen Faransa suna ji da inabinsu ta yadda masu shan giyar da ake yi da shi suke bambance ta Bordo da ta Burgundi, har su ce wannan daga gangaren tudu kaza ta fito. Tun 1935 suka kafa doka mai kare sunayen yankunan, don haka ba a kiran abu Shamfen sai in a ƙasar Shamfen aka noma inabinsa. Mu wannan abin sha ba namu ba ne. Addini ya haramta shi, Zamfara kuma ta ƙara da doka tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau a Oktoban 1999. Inabi a wurinmu ɗan itace ne da ake sayowa, irin wanda ake nomawa a Hunƙuyi kusa da Zariya. Amma sanin cewa ƙasa tana zuba ɗanɗanonta a cikin abin da ta fitar, wannan kakanninmu mata sun riƙe shi a harshensu ba tare da wata doka ta koya musu ba.

Na ga haka da idona. Wata shekara geron rumbu ya ƙare da wuri, aka auno na kasuwa aka yi fura. Kakata ta kai ludayi baki sau ɗaya, ta ɗan jujjuya, ta dubi wadda ta yi dakan. "Ke 'yan nan, wanga gero ba na jigawa na ba." Aka ce, "Inna, na kasuwa ne." Ta ce ai ta ji, ba ya da ƙamshi, kuma ya sha ajiya a buhu. Ta shanye abinta ta yi hamdala, don ba a raina abinci, amma ta faɗi abin da harshenta ya gaya mata.

Tana da hujja. Yawancin ƙasar tudu a wajen Zurmi da Shinkafi jigawa ce, rairayi mai saurin tsotse ruwa, kuma gero ne ɗan gidan irin wannan ƙasa. Ana shuka shi da ruwan farko, cikin kamar wata uku ya nuna, shi ne yake fara fid da mutane daga yunwar damina. Maiwa 'yar uwarsa ce amma ta fi shi nawa, sai bayan ruwa ya ɗauke ake yanke ta, kuma masu sonta ba su haɗa furarta da ta gero. Inda ƙasa ta yi nauyi ta zama laka, dawa ce take sarauta: kaura mai ruwan ɗorawa, farfara, da jar dawa, kowace da tuwon da take bayarwa da kunun da ya dace da ita. A fadamun gulbin Gagare da ya ratsa ta Ƙaura, da na Bunsuru da ya bi ta ƙasar Zurmi, waɗanda suke gangarawa su zama gulbin Rima, nan ake samun shinkafa da albasa da kayan lambu. Gero kuwa tsohon abokin zama ne, masu binciken tarihi sun samo shaidar nomansa a arewacin Mali tun sama da shekara 4,000. Ko Ibn Battuta, da ya isa Walata a 1352, dakakken gero da nono da ɗan zuma aka kawo masa a ƙwarya, ya raina liyafar don bai san darajar abin da aka ba shi ba.

Aikin fura tun safe yake farawa, kuma da kunne ake gane shi kafin ido. Za a surfa geron a turmi, a bakace dusa, a wanke, ƙasarin a ba dabbobi. Idan ya tsane sai a daka da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a tankaɗe, a yayyafa ruwa a cura manya-manya, a jefa a tafasasshen ruwa. In ya dahu a mayar turmi da zafinsa a kirɓa. A nan ake gane mace mai hannu. Kirɓin da bai kai ba yana barin gudaji, wanda ya kai kuwa dawon zai yi laushi da danƙo har taɓarya ta riƙa kamawa. Sai a sake curawa a mulmula a gari don kada ya manne. Injin niƙa ya rage wa mata wahala, babu mai musun haka, amma har yau akwai gidajen da maigida zai gane an kai inji daga ludayin farko.

Rabin labarin ke nan, don dawo ba ya zama fura sai da nono, nono kuwa daga ruga yake fitowa. Shi ma iri-iri ne. Kindirmo shi ne wanda aka bar madarar ta kwana da manta a ciki, ya yi kauri har ludayi ya yanka. Tsala kuwa an kaɗe an fid da man shanu, ya fi ruwa, ya fi tsami, ya fi araha. Abin da yake daskarar da madarar wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masu mayar da zaƙinta tsami, kuma ɗan ragowar nonon jiya da ake zubawa a madarar yau shi yake ɗauko su daga ƙwarya zuwa ƙwarya. Saboda haka nonon kowace ruga da irin nasa ɗanɗanon, mai saye kuma yakan riƙe Bafulatana guda shekara da shekaru. Shanun ma ba ɗaya ba ne: akwai gudale mai gajeren ƙaho, da farar bunaji, da jar rahaji mai dogayen ƙahoni. Abin da saniya ta ci yana fitowa a nononta. Da damina, ga ɗanyar ciyawa ko'ina, nono yakan yi yawa ya yi maiƙo. Da rani, in garke ya yi kudu neman ruwa, sai ya yi wuya, a riƙa ƙara shi da garin 'ya'yan kuka don ya auku. Masu saye sun san haka, ba wanda ake ruɗa.

Ƙwaryar fura da nono, in ka lura, yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu. Bayan kaka manomi yakan bar makiyayi ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara da harawa su bar taki, geron baɗi ya yi kyau. Matar makiyayi ta kawo nono gari ta koma da hatsi, sau da yawa ba tare da kuɗi ya shiga tsakani ba. Har a tsakiyar dajin kiwo na Zamfara akwai ƙauyukan manoma irin su Dumburum, waɗanda suka daɗe suna zaune da Fulani kafaɗa da kafaɗa kafin rikici ya ɓarke. Garin Ƙaura kansa Namoda ne ya kafa shi a zamanin jihadi, Bafillace daga Alibawan Zurmi. Jini ya gauraya a nan tun da daɗewa, kamar yadda gero da nono suke gauraya in an dama.

Damun ma da ladabinsa. Ana murje dawon da bayan ludayi a jikin ƙwarya, a zuba nono kaɗan-kaɗan, ruwa daga baya. Wani yana son ta da kauri, wani sai an tsinka ta ta zama farau-farau, musamman mai dawowa daga gona cikin zafin bazara. Tsofaffi da yawa ba su yarda da sukari ba, sun ce yana kashe ƙamshin gero. Babba yake fara sha, ludayi ɗaya ya zagaya, kuma ba a sha a tsaye. Ranar gayya, idan rana ta take, za ka hango 'yan mata a jere da ƙore a ka sun nufo gona, masu noma su ajiye fartanya su nufi inuwa.

Sauran abubuwan sha kowane da lokacinsa. Koko da ƙosai na safe ne. Kunun tsamiya shi ake fara nema da shan ruwa a watan azumi. Maijego kunun kanwa ake dama mata da zafinsa har ta yi arba'in, da kanwar da fatake suke kawowa daga arewa. Kunun gyaɗa ya samu gindin zama a ƙasar da gyaɗa ta taɓa zama dukiya, don tun da layin dogo ya iso Ƙaura a 1929 ya tsaya nan, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu. Zoɓo, da ake kira soɓorodo a wannan yanki, na biki ne da talla. Matafiyi kuwa guzurinsa gumba ko hoce, wainar dawa mai tauri da take kwana da kwanaki ba ta lalace ba.

Yau wannan tsari yana cikin wani hali, kuma ba zan ɓoye cewa abin yana ci mini rai ba. Shekarun satar shanu da garkuwa da mutane sun watsa rugage, sun hana manoma da yawa zuwa gonakin nesa, sun sa zargi tsakanin mutanen da iyayensu suka sha a ƙwarya ɗaya. Talakan manomi ya rasa gona, talakan makiyayi ya rasa garke. A Satumban 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya, kasuwar Shinkafi da take cika ranar Alhamis da shanu da hatsi ta yi tsit na wani lokaci. An buɗe daga baya, amma ruwa ba ya tsami banza, kuma matar da take tafiyar awa biyu a ƙasa da ƙwarya a ka ba za ta fito ba in hanya ba ta da aminci.

Abin da ya cike gurbin shi ne nonon madarar gari, wanda ake haɗawa a cikin gari a sa a firji, a markaɗa furar da na'ura a zuba a roba. Yana da sanyi, yana da tsabta in an kula, matasa da dama kuma suna cin abinci da sana'ar. Ba na kushe shi. Sai dai na Ƙaura da na Gusau da na Abuja duk bakinsu ɗaya, don madarar daga ƙasashen waje aka shigo da ita a buhu. Yaron da ya tashi a kansa ba zai san bambancin nonon damina da na rani ba, balle ya ce wannan geron ba na jigawa ba ne.

Zuwana Ƙaura na baya-bayan nan na tarar da wata dattijuwa Bafulatana a gindin bedi kusa da tasha, ƙorenta uku a gabanta, faya-fayan sun sha ado. Na ce, "Inna, akwai kindirmo?" Ta ɗaga faifai ta nuna mini, ɗan kaɗan ne a gindin ƙwarya. Ta ce shanu biyu suka rage mata masu tatsa, kuma yanzu a bakin gari suke kwana. Ta dama mini da hannunta, tana murzawa a hankali, ta tambaye ni ko a sa sukari. Na ce a'a. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Kai ɗan nan, ɗan wane gida ne?"